Shinkafar da Ta Kwana a Tukunyar Munawwara

A unguwar bayan kasuwar Malanville, kowa ya san hannun Munawwara a girki. Tun da mijinta Badaru, mai sayar da albasa, ya saya mata babbar salula, ta duƙufa kallon yadda mutanen Asiya ke dafa abinci. Ba ta jin yarensu, Faransancin da ake rubutawa a ƙasan hoton ma tsinta-tsinta take yi, amma abin da idonta ya gani ba ya ɓace mata.

Ta koyi taliya da kifin kogi da ɗanyar citta. Ta koyi soya kabeji sama-sama. Inda ta rasa kayan haɗinsu sai ta sa na gida, lawashi da man riɗi, wani lokaci har da daddawa. Badaru kuwa ba ya gajiya da ba abokansa labari a rumfa.

Ana tsakiyar bazara, surukarta Inna Sa'a ta aiko da buhun shinkafa daga gonarta ta Garou, tare da saƙon cewa tana nan tafe ran Juma'a. Munawwara ta ƙudura sai ta burge tsohuwa da shinkafarta ta kanta. Ta nemo hoton soyayyar shinkafa, ta tsinci kalma biyu da mai girkin ya nanata: shinkafar jiya. Ba ta lura da cewa daga firigo, na'urar sanyaya abinci, ya fito da tasa ba.

Ran Alhamis da azahar ta dafa tukunya guda, ta rufe ta da zafinta, ta tura ƙuryar madafi. A ranta ta ce ai ɗumame ne, tun tana yarinya ake cin sa. Nan tukunyar ta wuni, ta kwana, ta kai har bayan sallar Juma'a.

Ta buɗe ta sansana, ba tsami ba wari. Ta soya ta da ƙwai da karas da ruwan waken soya, ƙamshi ya cika gida. Inna Sa'a ta kai loma, ta tsaya tana duban kwano.

"Yanzu wagga shinkafata ta? Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka."

Tsohuwa ta ci ta ƙara. Zulfa, 'yarsu mai shekara huɗu, ta suɗe hannu. Munawwara ta ji kanta ya yi girma.

Kafin la'asar Zulfa ta fara amai. Ba a gama kimtsa ta ba Inna ta durƙushe a bakin rariya. Badaru da Munawwara ma cikinsu na murɗawa, amma haka suka daure, suka tari babura biyu zuwa asibiti. Suna isa aka sa wa yarinya da tsohuwa ƙarin ruwa.

Ma'aikaciyar jinya, wata mai suna Habiba, ta ja Munawwara gefe.

"Mi kunka ci?"

Ta gaya mata komai.

"Ina shinkafar ta kwana?"

"Cikin tukunya. Amma na soya ta ƙwarai, har tana hayaƙi."

Habiba ta girgiza kai. "Dafaffar shinkafa in ta daɗe cikin zahi, ƙwayoyin cuta na zuba dafi a cikinta. Ba shi wari, kuma wuta ba ta kashe shi. Yara da tsohhi shi ka hi kayarwa."

Zulfa ta tashi bayan kwana biyu. Inna Sa'a sai da ta yi kwana tara, ta fito tana dogara sanda. Matar da shekara talatin ba ta taɓa fashin shiga fadama ba, a wannan daminar sai wani aka ba gonarta ya noma.

Magana ta bazu a Garou cewa matar Badaru ta zuba wa uwar mijinta wani abu a abincin mutanen Asiya. Badaru ya dawo gida ransa a ɓace.

"Mu ce ruwan randa ne ya gurɓace. Kowa shi huta."

"A'a, Baban Zulfa," in ji ta. "In munka ɓoye, gobe wata za ta yi irin nawa."

Ta ɗauki mayafi ta hau babur sai Garou. Ta tarar da ɗakin Inna cike da mata 'yan dubiya. Ta durƙusa a tsakiyarsu, ta faɗi yadda ta dafa, da inda ta ajiye, da abin da Habiba ta ce. Ba ta rage komai ba.

Can wata ta yi ƙasa da murya ta ce ita ma takan bar shinkafa ta kwana ta ba yara da safe. Wata ta ce haka.

Inna Sa'a ta miƙa hannu ta dafa kan surukarta.

"Kun dai ji da kunnenku. Wadda ta yi nufin sharri ba ta zuwa ta tona kanta. Wanda duk ya ƙara taɓa sunan ɗiyata, da ni ya ke yi."

Munawwara ba ta daina girkinta ba. Yanzu da safe take dafa shinkafar, ta baza a faranti ta sha iska, ta soya nan take. Ranar da Inna ta ajiye sanda, da kanta ta aiko a kawo mata soyayyar shinkafa. Munawwara ta je da kanta, ta dafa a gaban matan gidan, kowace na leƙen kasko tana tambaya.

Jama'a, koyon sabon girki abin alfahari ne, amma kada mu kwaikwayi abin da muka gani a salula ba tare da mun fahimce shi ba. Dafaffen abinci ba ya jure zafin garinmu: in babu wurin sanyaya shi, a dafa daidai ci, a ci da wuri.