Harsashin da Aka Ciro daga Ƙirjin Orval

Bindigogin nan biyu suna kulle a ofishin sherif, shugaban 'yan sandan yankin. Dalmar da likita ya ciro daga ƙirjin Orval Stenberg kuma an aika da ita birni a auna. Duk garin an san abin da ake jira: a ce ta bakwai ce, ko a ce ta ɗari uku.

A gidan Orval wannan gardama ta girmi firijin kicin. Boyd, babban ɗansa, bindiga mai harsashin ɗari uku magnum yake saɓawa, kuma ba ya rufe baki a kanta. Ƙanensa Lyle mai milimita bakwai magnum yake ɗauka. In ka ɗora harsasan biyu a tafin hannu, sai wanda ya san su zai raba, don bambancin kaurin dalmarsu bai wuce kaurin farce ba. Amma a kan wannan ɗan bambancin an sha barin abinci ya huce.

"Wannan abar taka ta harbin zomo ce," Boyd kan ce. "Ka ba Mama ta riƙa korar hankaki a lambu."

"Taka kuwa gaba da baya take harbi," Lyle kan mayar masa. "Nama ya faɗi, kai ma ka faɗi."

Orval kan buga cokali a tebur. "Ji su don Allah! Kowa na zagin abin da bai taɓa sawa a kafaɗa ba. Ku ci abinci."

Ƙarshen kaka ne, dusar ƙanƙara ta fara kwanciya a kan duwatsun Montana. Orval ya kayar da ƙaton namijin barewar elk a can cikin kwari, suka feɗe, suka bar naman ya sha sanyi. Da safe su ukun suka koma da dawakai don kwasowa. Ashe wata beyar, ƙatuwar dabbar daji mai manyan farata, ta riga su, ta binne rabin naman da ƙasa, ta kwanta a surƙuƙi tana gadi.

Ba ta yi gurnani ba. Orval yana gaba, sai kawai 'ya'yansa suka gan shi a ƙasa, ita a kansa. Dukansu biyu suka harba. Da suka mirgine mushen daga jikin ubansu, ƙafarsa ce kaɗai beyar ta yaga. Ramin da ke ƙirjinsa ba aikin haƙori ba ne.

Da mataimakin sherif, wani dattijo mai suna Hoyt, ya zo karɓar bindigogin, ya tambaya wace ce ta wa. Boyd ne ya amsa a madadinsu su biyun, kamar yadda ya saba. Hoyt ya ce tsautsayi ne, babu wanda doka za ta kama.

Marlys, matar Orval, ba ruwanta da doka. Ranar da aka dawo daga binne shi ta tsaya a bakin murhu, ta dubi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

"Na san ba da gangan ba ne," ta ce. "Amma ba zan iya zuba abinci a farantin wanda ya harbe shi ba. In sakamako ya zo, mai bindigar ya bar min gidan nan."

Daga nan Lyle ya daina cin abinci. Yana zaune a bakin taga da ɗinki a saman girarsa ta dama, raunin da ya dawo da shi daga dajin, uwarsa na wanke masa da ruwan ɗumi. Boyd kuwa ko a jikinsa. Ya faskara itacen hunturu gaba ɗaya, ya gyara shingen dawakai, ya nuna wa Lyle inda famfon rijiya ke daskarewa, yana yi yana masifa. Ya ci nasa abincin, ya jawo na ƙanen ya cinye. Mutanen gari sun gani, kuma sun riga sun yanke hukunci. Mai garaje irin Boyd, wanda bakinsa ke riga hankalinsa, ai ba sai an auna komai ba.

Motar Hoyt ta shigo da la'asar. Ya cire hularsa tun a bakin ƙofa, ya ƙi zama.

"Ta ɗari uku ce, Marlys," ya ce.

Boyd ya ture kujerarsa baya. "To, kin ji."

Marlys ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta taka ta tsaya a bayan Lyle, ta dafa kafaɗarsa, idonta a bango. "Kwashe kayanka," ta ce wa Boyd. Abin tausayi, ko kallonsa ba ta yi ba har ya fice.

Boyd yana ɗaure jakarsa a bayan a-kori-kura lokacin da Lyle ya biyo shi, babu ko rigar sanyi.

"Boyd, ba zan iya ba. Zan shiga in gaya mata."

Boyd ya cakumi wuyan rigarsa, ya manna shi da jikin motar. Ya waiga tagar kicin, sannan ya yi ƙasa da murya, abin da ba a taɓa jin ya yi ba.

"Ka gaya mata me? Ni fushinta ba zai kashe ni ba, kai kuwa ko mako ba za ka yi ba. Koma ciki ka ci abinci. Baba ne kaɗai ya ga lokacin da muka yi musayar bindigogi a bakin kwarin nan, shi kuwa ba zai faɗa ba."