Wanda Ya Sha Gaban Zakaran Arlit

Ana dab da gama tseren, Alkassoum ya waiwaya ya ga wani a bayansa.

Abin ya ɗaure masa kai. Tun da ya fara tseren moto, wato babur, a dajin Arlit, abokan karawarsa ƙurarsa kawai suke gani.

Ya ƙara wuta, mutumin ma ya ƙara. Ya tsallake tudun yashi, mutumin ya tsallake, yana ta ɗaga masa hannu kamar mai tsokana.

"Ni za a yi wa izgili?" in ji Alkassoum. Ya murɗe hannun moto har ƙarshe.

A banza. A bakin layin ƙarshe mutumin ya wuce shi fuu, ya sha gabansa, ya taka birki. Jama'a suka ɓarke da ihu. Alkassoum ya sauka ya nufe shi.

"Bawan Allah, daga wane gari kake?"

Aka cire hular kwano. Fadimata ce, matarsa, a kan tsohon moton maƙwabcinsu mai burodi.

"Maigida, tun ɗazu nake yi maka hannu ka tsaya! Na dawo daga kasuwa na tarar ka rufe gida da kwaɗo, Inna tana ciki tana ta faɗa. Ba ni makulli."

Ya miƙa mata. Shugaban tseren ya matso zai ba ta kofi, ta girgiza kai.

"Ku ba shi abinsa, Malam, ya yi ƙoƙari. Ni a hankali na taho, don moton na aro ne."