Ba a Jifa a Gidan Mutane

Shekarar da kansil ta rufe wurin ninkayar unguwarmu a Manchester, Baba ya kai ni wani tsohon tafki a duwatsun Wales. Ruwan baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi. Da isarmu ya yi sallama, kamar mai shiga zauren wani.

Na ɗauki dutse zan jefa, ya cafke hannuna.

"Kai! Ba a jifa a gidan mutane."

"Baba, ai ba kowa."

"Kai ne ba ka gani."

Likita ne fa, mutumin da ya tsani camfi. Na cusa dutsen a aljihu ina ƙunƙuni.

Baba ya rasu, dutsen yana kan tagata a Birmingham. Jiya ɗana ya tambaya na wane ne. Na ce na mutane ne, za mu mayar musu.