Warin Gaz a Biron Mushe Sumana

"Kapitan, kashe sigarin nan," na ce. "Gaz ne ke yoyo."

Ni ce sakatariyar Mushe Sumana, wato Malam Sumana da Faransanci, mai rabon dawar agaji a unguwarmu. Shekarar fari ce, 1984. Wata uku ke nan sau ɗaya a rana ake ɗora tukunya a gidanmu, kuma ban roƙi kowa ba. Kullum mushe yana ce wa matan da ke layi, "Mangaza babu ko tiya." Mangaza ita ce ɗakin ajiyar dawar, ƙofarta a cikin biro, wato ofishinmu.

Ranar da kapitan na soja ya zo duba aiki, wari ya cika biro. Kapitan ya murje sigarin da takalmi, ya matsa nesa da rishon shayin mushe.

Na rufe bakin tukunyar gaz, na hana a taɓa makunnin lantarki, na shafa kumfar sabulu a tiyo.

"A lise, makarantar sakandare, aka koya mana," na ce. "A buɗe taga da ƙofa, duka."

"Ban da mangaza, Madamazel Hamsatu," in ji mushe. "Makulli ya ɓace."

"To, in tukunyar ta fashe, tare za mu tafi," na ce.

Kapitan ya ƙyafta wa sojansa ido. Bugu biyu, ƙofar mangaza ta faɗi. Ga buhunan dawa har rufi, na ƙasa sun jiƙe sun ruɓe. Daga nan warin ke fitowa. Matan layi suka leƙo.

Kapitan ya juyo gare ni. "Ina gaz ɗin?"

"Ya ƙare tun watan jiya, ranka ya daɗe. Da gawayi nake dafa shayi. Kana iya kunna sigarinka."