Tayin Tuwo a Bakin Kogin Turawa

Ka tambaye ni ko karamcin da muke tutiya da shi na gaske ne ko na fatar baki. Ban sani ba. Amma ga wani misali, ka auna da kanka.

Wasu abokai ne su huɗu, mai sayar da atamfa, mai kemis, malamin sakandare da wani tela, suka tafi hutun mako guda wani birnin Turawa mai kogi a tsakiyarsa. Mai kemis ya taɓa zuwa sau ɗaya, saboda haka shi ne shugaba. Tun a gida ya kafa musu doka: ba ɗaga murya a jirgin ƙasa, ba neman ragi a kanti, ba kula wanda ba a sani ba, domin a can kowa harkar gabansa yake yi. Suka kiyaye daidai gwargwado. Suka hau mota mai bene suka zaga gari, suka ɗauki hoto a kan kowace gada, suka yi awa biyu a layi don su ga gadon da wani sarki ya kwana a kai shekaru ɗari uku da suka wuce, suka gani, suka yarda cewa gado ne. Suka sayi turare da takalma da jakunkunan tsaraba. Tela kan juya kowace riga ya duba ɗinkin ciki, ya mayar. Abinci ne dai bai karɓe su ba: ɗanyen ganye, nama babu yaji, burodi mai neman haƙori. Ukun sun daure. Tela kuwa kwana shida yana kan shayi da ayaba, har wandon da ya ɗinka wa kansa ya fara zamewa.

A rana ta bakwai wani direban tasi ya kwatanta musu shagon wata mata 'yar Damagaram a can ƙarshen gari, mai tuwon shinkafa da miyar taushe. Suka canza jirgi sau biyu, suka ƙarasa da ƙafa, suka tarar ana kankare tukunya. Malmala huɗu ta rage, kowa ɗaya. Shagon ba wurin zama, sai suka ɗauko zuwa wani benci a bakin kogi. Tela ya wanke hannu da ruwan gora, ya buɗe kwanonsa, tururi ya bugi fuskarsa. Daidai nan wani tsohon Bature mai sanda da hular sanyi ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Tela bai yi shawara da kowa ba, ina shakkar ko da kansa ma ya yi. Ya nuna kwano da hannu ya ce, "Bismillah, baba."

Ka dai san yadda abin yake a gida. Ka yi tayi, a ce maka alhamdu lillahi, a ci lafiya, kowa ya fita kunyar kowa, tuwo kuma bai ragu ba. Karamci ne mai kyau, ga araha. To shi tsohon ba a taɓa karanta masa wannan ƙa'ida ba. Ya tambayi malamin makaranta me abokinsa ya ce, malam kuma, da yake ya saba cire wa yara maki a kan fassara, ya gaya masa daidai. Tsoho ya kalli tela, ya kalli kwano, ya cire safar hannunsa ya matso.

"To, Sarkin Tayi," in ji mai kemis ƙasa-ƙasa, "ga baƙonka nan."

Hanyar zamewa a buɗe take. Tela yana iya gutsura wa tsohon loma guda ta ɗanɗano, a yi dariya, a wuce wurin. Tela ya ɗan jima yana duban malmalar nan da ya yi kwana shida yana mafarkinta. Sai ya zuba wa tsohon ruwa a hannu, ya tura masa kwanon gaba ɗaya, ya nuna masa yadda ake yanko loma, a lotsa ta da babban yatsa, a ɗebo miya. Tsohon ya fara kamar mai koyon rubutu, daga baya hannu ya faɗa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya gaya wa malam cewa shekara huɗu ke nan, tun rasuwar matarsa, bai ci abinci da mutum a gefensa ba. Mai kemis ya ce attarugu ne. Wataƙila. Abin da na sani shi ne hannun sauran ukun ya yi nauyi. Mai atamfa ya gutsuri gefen tasa malmalar ya ɗora a murfin kwano ya tura wa tela. Malam ya bi. Mai kemis ya bi a ƙarshe, yana kallon kogi kamar hannun ba nasa ba ne.

Kada ka jira in ce maka ashe tsohon attajiri ne, ya rubuta musu gida a wasiyya. Direban bas ne mai ritaya. Ya suɗe yatsunsa yadda ya ga ana yi, ya gode, ya sa safarsa ya tafi, ba su ƙara ganinsa ba. Tela ya jawo murfin nan da 'yan gutsattsarinsa, ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido. Yana yanko ta biyu sai wata mata mai tura keken jariri ta rage tafiya tana leƙen abin da suke ci. Mai kemis ya taka masa ƙafa da sabon takalminsa. Ya makara. Hannun tela ya riga ya nuna murfin.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hali zanen dutse ne.