Likkafanin da Tela Ya Yanka

Tela bai ɗauki awo ba da zai yanka likkafanin. Ya san tsawon saurayin, ya san faɗin kafaɗarsa. Tun daga rigar makaranta har kaftanin da ya sa bara, duk a kekensa aka ɗinka su.

Liman ne ya same shi bayan azahar, ya durƙusa kusa da shi, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohon da suke wankan gawa tare yana kwance, ko zama ba ya iya yi, sauran mutanen layin kuma ba wanda ya taɓa sa hannu. Ga zafi, gawa ba za ta jira ba. Ya ce in ba zai iya ba, wallahi ba mai ganin laifinsa. Tela ya dubi waɗanda ke zaune tare da shi, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya miƙe.

Ɗakin ƙarami ne, ba taga, rufin kwano yana ta huci. Kawun mamacin ya shigo da bokiti biyu, ya ja ƙofa ya rufe. Daga tsakar gida ana jin kukan uwar, ba da ƙarfi ba, irin na wadda muryarta ta riga ta ƙare.

Tela ya daɗe yana wanke hannunsa. Jar ƙasa ta shige masa ƙarƙashin farce, ta ƙi fita.

Ya rufa wa gawar zane daga cibiya zuwa gwiwa, ya sa almakashi ya yanke tufafin da jini ya bushe a jikinsu. Da ya ɗaga kai ya ga fuskar, sai ya ajiye almakashin. Wannan bakin ne ke leƙo shago yana cewa, "Baba Tela, wandon nan sai na yi furfura za a gama shi?" Ya dubi ƙofa. Taku uku ne tsakaninsu, amma in ya fita, wa zai shigo?

Kawun ya fita ƙaro ruwa. Tela ya tallafo gawar, ya matsa cikinta a hankali kamar yadda aka koya masa. A nan warin ya bugo shi. Ba warin mutuwa ba ne, wannan ya san shi shekara ashirin. Warin giya ne. Yana naɗe yagaggen wandon kuma sai wasu ƙwayoyi suka zubo daga aljihu, suka gangara kan siminti.

Ya tsaya yana kallonsu, zufa na zuba masa a ido. Ya ji takun kawun, sai ya kwashe su ya watsa a ruwan dauɗa, ya yayyafa turare.

Kawun ya ajiye bokiti, ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. Wai a waje ana ta raɗa cewa saurayin ba a hayyacinsa yake ba lokacin da abin ya faru, har wasu sun ce in haka ne su ba za su tsaya masa sallah ba. Uwar ba ta ji ba tukuna, in ta ji kuwa sai dai a yi wanka biyu.

"Malam Tela, kai kaɗai ka gani. Duk abin da ka faɗa yau, ba mai musa maka."

Tela ya san haka ne. Kalma ɗaya ta isa.

"Zuba ruwa," ya ce.

Ya yi wa gawar alwala. Ya wanke gefen dama, sannan na hagu, sau uku, na ƙarshe da kafur. Bai tsallake ko tsakanin yatsu ba. Inda ƙashin haƙarƙari ya karye, ya bi shi sannu kamar mai shi zai ji zafi. Ya tsane jikin, ya naɗe, ya ɗaure.

Da aka buɗe ƙofa, mutane suka zuba masa ido. Liman ya ja shi gefe, amma kunnuwan kowa na wurin. Ya tambaye shi ko akwai abin da ya kamata jama'a su sani.

Tela ya ce, "Musulmi na wanke, Malam. A jera sahu."

Waɗanda suka ja baya ɗazu suka cire takalma suka shiga. Shi ma ya tsaya a sahun farko, ya yi kabbara huɗu, ya roƙa wa saurayin gafara da bakinsa, ko da yake zuciyarsa ba ta gama biyo bakin ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Tela ya tsallaka titi zuwa ƙofar gidansa. Ya koma kan tabarmar da ya bari, ya ci gaba da karɓar gaisuwar autarsa da ya binne da safe, wadda babur ɗin saurayin ya take jiya da yamma.