Rigar Sabon Shugaba

Da hantsi masu gadin gandun daji suka rako sabon shugabansu da direbansa, suka tarar da rigar inda suka rataye ta jiya, can cikin kurmin gora. Ko zare bai tsinke ba, ga sawun damisa ya zagaye ta.

Tsohon mai gadin gandun ya sauke ajiyar zuciya. A nan ba a kiran sunan damisa, sai dai a ce Kaka. Duk sabon shugaba sai an bar mata rigarsa ta sansana, don ba ta taɓa wanda ta san warinsa.

"Barka, Yallabai. Kaka ta karɓe ka."

Shugaban ya kwashe da dariya, ya kunna sigarin kanumfari. "Haba Baba, ni zan ba kyanwa rigar da na ɗinko a Jakarta? Ai ta direbana ce!"

Babu wanda ya taya shi dariya. Birai ma sun yi tsit. Tsohon ya waiwayi hanyar mota, ya ga ta yi nisa.

Ɗaya bayan ɗaya masu gadin suka janye jiki, suka taru a bayan direban.

"Kai, ina za ku?" in ji shugaban.

A bayan shugaban gora ta fara darewa a hankali, alhali babu iska.